Farin Gefen Hoton Rauda

Yaya Jannatu,

Na tashi na tarar da aikin alherinki, Allah ya saka. Hoton Rauda da na buga a kan ƙyalle a shagon Oga Hyacinth inda nake aiki, kin gyara min shi tsaf da almakashinki na ɗinki. Kin ga farin gefe ya yi yawa, kin datse shi, har da ado mai haƙora-haƙora.

Ranki ya daɗe, wannan gefen shi ake naɗewa a bayan katako a kafe shi. Shi ya sa a shago muke da doguwar rula ta ƙarfe da wuƙa mai taya, kuma ba a yanka sai an auna. Yanzu in na ja shi a kan firam, kunnen Rauda na hagu zai koma baya, tare da baitin ƙarshe na waƙar da na rubuta a ƙasa. Wata uku na yi ina neman baitin nan, a cikinsa ne kaɗai na iya faɗa mata abin da ke raina. Sai dai bango ya karanta.

Walimar kammala karatunta a harabar jami'a ta Kongo yau ƙarfe huɗu ce. Na tafi in sake bugawa. Oga zai biyo da shi gida da azahar, ni zan wuce wurin kafinta.

Don girman Allah ki bar shi a naɗe. In hannunki ya yi ƙaiƙayi, labulen falo ma yana da gefe.

Ƙaninki,
Suhaibu