Hoto na Goma Sha Tara da Aka Yanke Daga Littafina

Yahuza Ɗangoggo,
Layin Bayan Kasuwa, Sheda,
Ƙaramar Hukumar Kwali.
Litinin, 8 ga Satumba, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Ofishin Sa Ido Kan Cinikin Tsofaffin Littattafai da Takardun Tarihi,
Babban Birnin Tarayya, Abuja.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YANKE HOTUNA ASHIRIN DA HUƊU DAGA LITTAFINA DA MISTA THADDEUS, MAI KANTIN TSOFAFFIN LITTATTAFAI A MAITAMA, YA YI, DA ROƘON A TSAYAR DA GUDA ƊAYA KAFIN 30 GA SATUMBA

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da kujerarka, ina roƙon izinin gabatar da kukana. Ni tsoho ne mai shekara saba'in da biyar, tsohon mai kula da lambu a gidajen Turawa, da farko a Kaduna, daga baya a Maitama. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, saboda haka in an ga tuntuɓe a rubutun a yi mini afuwa. Na zo ofishinku ranar 25 ga Agusta da ranar 1 ga Satumba, duka biyun aka ce in sa maganar a takarda. To, ga ta.

1. A daren Litinin, 16 ga Yuni na wannan shekara, na ji wani sauti a ɗakina, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, kamar ana tauna soyayyar gyaɗa a cikin bango. Ba zan ɓoye wa hukuma wautata ba: sautin ya yi mini daɗi. Kwana uku ina sauraronsa, ina raya wa kaina ko takarduna ne suke miƙa saboda damina. Ranar Alhamis na jawo akwatin katako daga ƙarƙashin gado, na tarar gara ce.

2. A cikin akwatin nan nake ajiye abin da na tara tun ina saurayi, wanda mutanen unguwa ke kira shara. Akwai tikitocin jirgin ƙasa na kwali, da takardun bayan ashana iri-iri, da kalandar da aka buga wata ɗaya a cikinta sau biyu, da ambulan da ta je ƙasashe uku ta dawo ba ta sami mai ita ba. Gara ta ci rabinsu, na kuwa haƙura. Abin da ban iya haƙura da shi ba shi ne wani littafi mai koren bango, bugun shekarar 1952, da ke bayanin sana'o'in ƙauyukan wannan yanki tun ba a yi mafarkin Abuja ba. Wani Bature da na yi wa aiki ya bar mini shi a 1979. Yana da hotuna ashirin da huɗu, kowanne a kan takarda mai kauri, an lulluɓe shi da wata siririya kamar ɓawon albasa. Gara ta ci bangon da ɗinkin, amma ba ta taɓa hoto ko ɗaya ba.

3. Ranka ya daɗe, a nan ne maganar take. Hoto na goma sha tara na wata maginiyar tukwane ne, ta sunkuya tana zagaya randa. Mahaifiyata ta rasu ina da wata bakwai, yayarta, wadda muke ce wa Goggo, ita ta rene ni, shi ya sa ake ce mini Ɗangoggo. A 1980 na kai littafin gida don in nuna wa Goggo hotuna. Na same ta tana gini, hannunta duk yumɓu. Da muka iso wannan shafi ta tsayar da ni. Ta nuna mini hannun hagu na matar, inda akwai ɗan yatsa na shida a gefen ƙaramin, ta ce wannan ƙanwarta Asabe ce, wato uwata. Sai ta ɗora babban yatsanta a gefen takardar, ta daɗe ba ta ɗaga ba. Shatin yatsan ya zauna a wurin da jar ƙasa har shekara arba'in da biyar. Ban taɓa ganin fuskar uwata a ko'ina ba sai a nan, Goggo kuwa ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba.

4. Na san Mista Thaddeus tun ina aiki a Maitama. Nakan tsaya a bakin gilashin kantinsa in kalli tsofaffin taswirori da katunan gidan waya da takardun tallan sinima. Yakan fito ya ce Farfesa ya iso, a ba Farfesa kujera, masu gadin wurin su yi dariya, ni ma in yi. Na ɗauka wasan sabo ne. Ranar Alhamis, 26 ga Yuni, na kai masa littafin a naɗe cikin zane, na ce a ɗinke mini. Ya juya shi, ya daɗe a kan hotunan, ya ce aikin babba ne. Na ce masa ya yi yadda ya ga ya dace, shi ne mai sana'a. Haka muka tashi muka ga ana yi. Wanda ya kai fartanya maƙera ba ya koya wa maƙeri riƙon guduma, kuma wannan magana girmamawa ce, ba kyauta ba ce. Ya miƙo mini takarda da Turanci, na sa hannu ban karanta ba, domin a tarbiyyarmu ka tsaya kana bin takardar mutum layi-layi a gabansa, ka ce masa ɓarawo ke nan. Wannan kuskurena ne, na amsa shi.

5. Ranar Alhamis, 14 ga Agusta, ya ba ni littafin da sabon bango na fata mai kyau ƙwarai. Na yi godiya, na sa masa albarka, har doya na kai masa daga gonar ƙanena. A mota na ji littafin ya yi sauƙi a hannu, na ce ko ƙasar gara ce aka kakkaɓe. Sai da na isa gida na buɗe. Daga shafin rubutu sai shafin rubutu. An bi da reza an cire hotunan duka, an haɗe wurin da gwaninta har ba a ganin tabo. Siraran takardun nan kaɗai aka bari, suna lulluɓe da babu.

6. Ranar Litinin, 18 ga Agusta, na koma tare da maƙwabcina Meshach, direba ne, yana jin Turanci. Muna shiga na ga hotunana jere a bango, kowanne a cikin gilashi da firam baƙi, da farashinsa a rubuce da dala. Na goma sha tara yana tsakiya. An manna masa ɗan jan ɗigo a kusurwa, Meshach ya ce mini a wurinsu alamar an riga an sayar ke nan.

7. Abin da Mista Thaddeus ya faɗa a gaban Meshach shi ne: littafin da gara ta taɓa ba mai saye, amma hotunan in an raba su kowanne yana da mai so, haka ake yi a sana'arsu ko'ina a duniya, takardar da na sa wa hannu ta ba shi wannan izini, kuma da bakina na ce ya yi yadda ya ga ya dace. Ya ce kasona yana nan a ajiye, in zo in karɓa in yi murna, don bai taɓa ganin Farfesa da yagaggen takalmi ba sai ni. Ban karɓa ba, ba kuma zan karɓa ba. Ina so hukuma ta lura cewa tun ranar farko na gaya masa wace ce a hoton, na nuna masa yatsan, ya ce abin mamaki. Bai ce zai yanka ba. Kalma ɗaya ce, da ya faɗe ta da na naɗe kayana na fita.

8. Da na matsa kusa da gilashin, na ga shatin yatsan Goggo babu. Na tambaya. Ya ce datti ne mai rage wa hoto daraja, ya wanke da magani, abin da ya ƙi fita kuma ya datse shi tare da gefen takardar. Ranka ya daɗe, na rubuta wannan sakin layi sau uku ina yagewa, domin kalmomin da suke zuwa mini ba su dace da ofishinka ba. Zan tsaya a kan cewa gara ta kwana uku a kan littafin nan ta bar wurin, shi kuwa mai ilimi ne.

9. A ƙarƙashin hoton ya manna sabuwar takarda. Meshach ya karanta mini: wata mata da ba a san ko wace ce ba, Arewacin Nijeriya. Ɗanta yana tsaye a gabanta lokacin da ake karantawa.

10. Ya ƙi faɗa mini sunan wanda ya saya. Ya ce dai ma'aikacin wani ofishin jakadanci ne da ya gama wa'adinsa, za a zo a ɗauki hoton a haɗa da kayansa ranar Talata, 30 ga Satumba. Don ya sallame ni, ya ɗauki hoton da wayarsa ta cikin gilashi, ya buga mini a farar takarda. Na haɗo shi da wannan wasiƙa domin a gani. Hasken fitilar kantin ya faɗa a kan goshinta, hannun kuma ya zama baƙin dunƙule. Wannan ba kowa ba ce.

Saboda haka, cikin ladabi, nake roƙon Mai Girma Darakta abubuwa kamar haka.

Na farko, a aika wa Mista Thaddeus takardar hukuma cewa kada hoto na goma sha tara ya fita daga kantinsa har a saurare mu. Kwana ashirin da biyu suka rage daga yau. In ya shiga jirgi, ba ni da fasfo, ba ni da wanda zan tambaya.

Na biyu, a sa ya mayar mini da shi, ko da a wanken ne. Sauran ashirin da ukun, da maƙera da masaƙa da masu jima, na bar masa, ya riƙe kason da yake cewa nawa ne ya mayar wa mai sayen kuɗinsa. Sabon bangon ma in yana so ya ɓalle.

Na uku, a tambaye shi inda ya zuba gefen takardar da ya datse. Faɗinsa bai fi yatsa biyu ba. Na san an share kantin sau da yawa tun daga lokacin, amma a tambaya.

Na huɗu, in har doka ta ga cewa hannun da na sa ya fi ƙarfin duk abin da na rubuta a nan, to a tilasta masa ya cire takardar da ya manna, ya rubuta Asabe, maginiya, ta rasu 1950. Wannan ba zai rage wa kowa dala ba.

Na biyar, a umarci masu wannan sana'a cewa duk wanda ya karɓi littafi daga hannun tsoho, in yanka zai yi, ya faɗa da baki, da harshen da tsohon ke ji, a gaban shaida.

A shirye nake in zo duk ranar da aka kira ni, da littafin, da takardar da na sa wa hannu, da Meshach, wanda ya yarda zai ba da shaida in an ba shi sanarwar kwana biyu saboda ogansa. Ba ni da waya mai karɓar saƙo, amma duk wasiƙar da aka kawo Layin Bayan Kasuwa aka ce ta tsoho mai tara takardu ce, za ta same ni.

Allah ya ƙara wa Darakta lafiya da adalci, ya sa wannan takarda ta iso teburinsa tun watan bai ƙare ba.

Ni ne mai biyayya, mai jiran amsa,

(sa hannu)
Yahuza Ɗangoggo

Ƙarin bayani: Jiya da la'asar na karanta wa maƙwabta wannan takarda a ƙofar gida don su gyara mini inda na kauce. Da na gama, Magdalena, matar Meshach, ta ajiye tiren da take tsince shinkafa, ta tambaya wai shi wanda ya saya ɗin, ranar da ya mutu 'ya'yansa suka zauna rabon gado, ita uwata a kason wa za ta faɗa. Mu tara ne a wurin, har da malamin makaranta. Na ƙara tambayar a nan, ko hukuma ta san amsarta.