Rama Ce, Isiyaku

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Daga abokinka Garba, wanda mutane suka sani da Tangaɗi, zuwa gare ka Isiyaku, wanda suka sani da Layi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa an yi maka jika, kuma na karya alkawarin da na yi maka. A shafina na sada zumunta nake rubuta wannan takarda, inda kowa zai gani, kuma da gangan na yi hakan. Wanda ya ga za ta ɓata masa rai ya wuce, ba da shi nake magana ba.

Matar ɗanka Auwalu ta sauka lafiya, namiji. Auwalu ya yi masa huɗuba da sunanka, kamar yadda duk ɗan kirki yake yi wa mahaifinsa. Kwana biyu da haihuwa sai yayanka Malam Hadi ya aika aka kira shi, ya ce a canja kafin ranar suna. Wai ba za a ɗora wa jariri sunan da duk ƙasar Makoda ta san shi da hayaƙin wiwi ba. Auwalu ya zo ya same ni a gona, ya tsuguna a kan kunya, ya ce, "Baba Garba, kai kaɗai ka san shi ciki da waje. Ka gaya min gaskiya, yana sha?"

Ka ji tambayar da ɗanka ya yi min, shekara shida bayan mun binne ka.

Ka yi haƙuri in ɗan waiwaya baya, don yaran da ke karatu ta bayan kafaɗata a waya kawai suka san mu.

Ka tuna a wajen roron gyaɗa muka fara. Akwai wasu samari biyu a tashar garinmu da suke wuni a bayan rumfar mai faci, idanu jajir, magana ɗaya sai su yi rabin sa'a ba su kai ƙarshenta ba. Kai ka ɗauki muryar ɗaya, ni na ɗauki ta ɗayan. Matan da ke tsintar gyaɗa suka yi ta dariya har wata ta zauna a kan ƙwaryarta ta fashe. Daga nan ake kiranmu gidan biki, daga gidan biki wani mai sayar da kaset ya kai mu Kano, aka rufe mu a wani ɗaki mai soso a bango aka ce mu yi.

Kaset ɗin farko bai yi wata ba sai da ya shiga duk motar da ke bin hanyarmu. Ka hau bas daga Zakirai, Tangaɗi da Layi ne. Ka je cin kasuwa Shanono, mai nama yana yanka yana jin mu. A kaset ɗin ne Layi yake zaune yana busawa, tsohonsa ya ritsa shi, sai ya ce da wannan muryar taka mai kamar an taka wutsiyar mage, "Baba, rama ce." Kalma uku. Da na san abin da za su jawo maka da na hana ka faɗa.

A kaset tari kawai muke yi, mai saurare ya ƙarasa sauran a ransa. Da zamanin fim ya zo sai aka ce dole a ga hayaƙi. Kai ko sigari ba ka taɓa sa wa a baki ba, ga asma tun kana yaro. Sai ka ce ai maganar tana bakinmu, mu sha ramar. Innarka tana shuka ta a gefen gona, ta shanya a kan rufin rumbu don kwaɗon rani. Muka riƙa ɗibar mata muna murjewa, muna naɗewa a takardar buhun siminti. Ta yi shekara tana zargin awakin maƙwabta.

Wanda bai taɓa zuƙar busasshiyar rama ba, kada ya gwada. Zuƙa ɗaya kake yi ƙirjinka ya kama, idanunka su kaɗa su yi ja, hawaye na zuba. Mai ɗaukar hoto yana murna, yana cewa kada ka goge. Mutane suka gani a gidajen kallo suka ce wannan ba wasa ba ne, dubi idonsa.

Fim goma sha ɗaya muka yi, kaset bakwai. Ina ƙalubalantar duk wani mai wa'azi da ke zaginmu ya nuna min guda ɗaya da Tangaɗi da Layi suka ci riba. A wani sun shuka soyayyar gyaɗa suna jiran ta tsiro. A wani sun wuni suna yi wa gonar wani noma, sai da yamma suka gane ba tasu ba ce. A wani sun kai akuyarsu kasuwa suka sayar, a hanyar dawowa suka yi cigiyarta gida gida. Mun mayar da mashayi abin dariya a gaban ƙannensa, kuma a ƙasar nan saurayi ya fi tsoron dariya a kan bulala. Ban yi nadamar ko ɗaya ba, kuma ba zan yi ba. Masu cewa in fito in nemi afuwar al'umma su daina wahalar da yawunsu.

Su ma yaran da ke yanko mu suna yaɗawa a waya, suna kiranmu iyayen gidan 'yan hayaƙi, su saurara da kyau. Ba ku da uba a wajen Isiyaku. Ku yake yi wa dariya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda wasanmu ya cinye maka gaskiya. Samari suka mayar da sunan wiwi rama. Duk sa'ad da aka tare ka da maganar, ka rantse ka ce wallahi rama ce, sai wuri ya kaure da dariya, a ce Layi ba ya gajiya. Na ga ka faɗa wa surukinka haka da idonka cike da ƙwalla, shi ma sai da ya juya baya yana ƙunshe dariya. Gaskiya kake faɗa, da kalmomin da ka koya wa duniya cewa ƙarya ce.

Yanzu ga abin da ka hana ni faɗa.

A cikinmu akwai mai sha, kuma ni ne. A Kano na koya, wajen masu haɗa sauti, na yi shekara huɗu a ciki. Ka yi min faɗa, ka yi fushi da ni, ka taɓa sauke ni daga babur ɗinka a tsakiyar hanya na ƙarasa gida a ƙafa. Amma ba ka taɓa gaya wa kowa ba.

Wata damina ruwa ya dake mu muna dawowa daga ɗaukar fim, ka ara min rigar sanyinka. Da na mayar maka na manta da ƙullin wiwi a aljihu. Malam Hadi ya ɗauki rigar zai je gona da safe, hannunsa ya faɗa a kai. Bai kira ka gefe ba. Ƙofar gida ya fito da shi, inda dattawa suke zaune, mahaifina limamin unguwa yana cikinsu, lokacin ciwo ya fara cin ƙarfinsa. Malam Hadi ya ɗaga ƙullin ya ce wannan ma rama ce? Ina tsaye a jikin dabino. Ka kalle ni sau ɗaya, ka sunkuyar da kai ka ce naka ne.

Da muka keɓe ka ce min, "Ni an riga an yanke min hukunci tun a fim. Kai tsohonka yana jan mutane salla. Ka rufe bakinka, kuma ka daina." Ka sa na yi maka alkawari. Na daina a ranar, ban sake ba har yau. Bakin ma na rufe, na rufe shi fiye da yadda ka nema.

Mahaifina ya rasu, dalilin shirun ya ƙare, ban yi magana ba. Fim ya mutu a hannunmu da aka koma tura shi a waya, muka dawo gona. Allah ya kira ni Makka na dawo Alhaji, aka sa ni a kwamitin masallaci, aka ce Tangaɗi ya shiryu, dama Layi ne yake jan sa. Ina ji, ina gyara zaman hula. Ranar da asma ta kayar da kai a masussuka, ƙaiƙayin gero ya toshe maka numfashi, ina ɗauke da makararka na ji wani a bayana yana cewa hayaƙi ne ya cinye masa huhu. Ban waiwaya ba. Na ji daɗin mutuncin da aka ba ni, na ji tsoron rasa shi. Wannan ita ce gaskiyar, ba wani alkawari ba.

Da Auwalu ya yi min tambayarsa sai na ce masa ya tara min mutanen gidanku ana gobe suna, bayan la'asar. Suka cika zauren Malam Hadi, har da limaminmu na yanzu da mutum biyu daga kwamiti. Mata suna jin mu ta bayan zana. Na faɗi komai kamar yadda na rubuta maka a nan. Da na kai kan ƙullin, wani a bakin ƙofa ya ce, "Alhaji, ko rama ce?" Aka fara dariya. Karo na farko a rayuwata aka yi dariya a gabana na tsare gida har ta mutu da kanta.

Yayanka ya tsufa, Isiyaku, ba ya gani sosai. Ya murza carbinsa. Can ya ce, "Garba, shekara ashirin kana kallo ina zagin ƙanena. Har ya mutu ban ci abinci a kwano ɗaya da shi ba." Na ce haka ne. Ya ce in fitar masa daga zaure. Na fita, kuma yana da gaskiya.

Washegari bayan asuba aka taru raɗin suna. A waje na tsaya, wajen takalma. Aka raba goro da dabino. Da liman ya juya wajen Auwalu don ya ji sunan, Malam Hadi ya riga shi. Bai raɗa ba, da ƙarfi ya faɗa, har na bayan gida suka ji. Ya ce Isiyaku. Daga nan sai liman ya ja fatiha.

Binta matarka ba ta iya kiran sunan, ka san ta da kunya. Maigida take ce masa, tana goya shi tana yi masa tsiya wai ya dawo bai kawo cefane ba. Yana da faɗin goshinka. Numfashinsa lafiya lau, na sa kunne a ƙirjinsa na saurara.

Kwamitin masallaci sun aiko min cewa in ɗan huta. Na ce su gaishe da kowa. Sahun gaba ba na gadon gidan wani ba ne, gobe ma a nan za su same ni. Malam Hadi bai amsa gaisuwata ba har yau, kullum kuma sai na gaishe shi.

Ba na neman gafararka don na karya alkawari. Ina neman ta don daɗewar da na yi ban karya ba. Na yi kewarka, abokina. Wani lokaci abin dariya yakan zo min ina tsakiyar noma, in ɗago in rasa wanda zan jefa wa ya cafe.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata maka kabarinka, ya sa dariyar da ka ba bayinsa ta zama nauyi a mizaninka. Allah ya raya takwaranka a kan gaskiya, ya ba shi abokin da ya fi wanda ka samu. Ni kuma Allah ya yafe min, ya sa in iya haɗa ido da kai ranar da za mu gamu.

Naka har kullum,
Garba Tangaɗi