Dalarmu Ba Dalarku Ba Ce

Zuwa ga Babban Manajan kantin da nake yi wa dillanci a Bagudo,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kai da iyalinka da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ne Abdu ɗan Tanko, wanda ke karɓar gishiri da kananzir da zaren taru a kantinku, yana ba mutane bashi, daga Bagudo har tsallaken iyakar Dahome. Na yi ta sintiri ofishinka, kullum masinja ya tare ni a baranda. Shi ya sa na kawo maganar a jarida, da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci. In rubutun ya karkace a yi mini haƙuri, hannun bai saba ba.

Na ɗaya, maganar dala. A wajenku in an ce dala, sule biyu ake nufi. Mu nan bakin iyaka dala biyu gare mu. Akwai irin taku, akwai kuma ta Faransa, wadda tamma biyar ce a kuɗinsu, ko kwabo biyu ba ta cika ba. Ba mu taɓa ruɗewa ba, don mutum muke dubawa. In ɗan tsallake ne, da dalarsu ake yi masa lissafi, kowa ya san wannan har mai tallar fura.

Na biyu. Bayan an sauke tutar Turawa kuka kawo injin lissafi, mai hannu a gefe kamar keken ɗinki, kuka ce daga yau duk bashin da ke waje sai ya shiga cikinsa. Kuka aiko akawunku, mutumin kirki daga wajen Kano, ya zauna a rumfata. Ina kiran suna da kuɗi, yana rubutawa. Mutanen gida na kira su da fam da sule, mutanen tsallake na kira su da dala kamar yadda muka saba. Na faɗi da harshen garinmu, ya rubuta da harshen garinsu, ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu. Ya miƙo takarda da Turanci na sa hannu. Can ofis aka murɗa wa injin hannu, ya mayar da dala ɗari huɗu, da ba ta kai fam uku ba, ta zama fam arba'in cif. To madalla da wannan inji, a wuni ɗaya ya haifar muku ribar da kasuwar Lolo ba ta haifa a wata.

Na uku, mai bashin. Sunansa Malam Hamani, Badende ne, masunci, ƙauyensu na bayan Lolo ta ɓangaren Dahome. Tun muna samari muke tare. In ya kawo bandar kifi kasuwa a zaurena yake sauka, in na ƙetara a ɗakinsa nake kwana. Shekarar da fari ta cinye mana gero, shi ya riƙa aiko mini da kifi da shinkafa har kaka, bai taɓa ambata ba. Shi ya yi wa mahaifina wanka da hannunsa. Ban taɓa tambayarsa bashi ba, don mu nan ba a tambayar dattijo. Za ka je ne ka gaishe shi, ku yi hirar ruwa da iyali, in za ka tashi shi da kansa zai kawo zancen.

Na huɗu, yadda kuka bi bashin. Ina Zagga wajen ta'aziyya kuka tura masinja da ɗan doka kasuwar Lolo. Suka tsaya tsakiyar 'yan kifi aka karanta sunaye da kuɗin da ake bin kowa da ƙarfi, aka ce wanda bai biya ba za a kama dillalinsa a ɗaure, don shi ya sa hannu. Sauran mutanen tsallake da abin ya shafa suka yi ca, suka yi rantsuwa, suka tada ƙura, aka ninke takardunsu aka mai da aljihu. Malam Hamani ba mai hayaniya ba ne. Abu ɗaya ya tambaya, ko da gaske Abdu ne ya sa hannu a kan fam arba'in. Aka nuna masa sunana. Ya naɗe tabarmarsa ya tafi.

Kafin kasuwa ta zagayo ya sayar da jirginsa, da tarunsa, da bijimai biyu da yake kiwo don aikin Hajji. Ya kai kuɗin kantinku da kansa, aka ba shi rasit.

Ranka ya daɗe, ka san abin da ya ɗauka? Ya ɗauka ni na ci kuɗin kamfani na rasa mafita, na rataya a sunansa don na san ba zai tona ni ba. Ya biya ne don kada a ɗaure ni. Da na dawo na ji labari, ko gida ban shiga ba na nemi mai jirgi na ƙetara. Na same shi yana ɗinkin tarun wani. Na zauna na yi masa bayanin dala da inji har muryata ta dishe. Ya saurare ni bai katse ni ba, sannan ya ce kada in wahalar da kaina, kowa yakan shiga matsi, shi ya yafe mini duniya da lahira. Ya sa aka kawo mini ruwa a kwanon baƙi. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka a jirgi har mai fito ya kau da kai.

Ban ga laifinsa ba. Wa zai yarda ƙarfe ya yi wannan ɓarna alhali ga sa hannun mutum? Yanzu in ya zo kasuwa a masallaci yake ajiye kayansa. Yana gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, amma zaurena bai sake takawa ba. Mutumin da ke da jirginsa tun kafin a haifi akawunku, yau ƙwadago yake a jirgin wasu, ga tari ya kama shi tun damina.

Na biyar, amsarku. Da na yi wa akawun bayani ya gane kuskuren nan take, har ya riƙe baki. Amma aka aiko mini cewa inji ba ya kuskure, kuma an rufe lissafin shekara an tura hedkwata. Na tattara abin da nake da shi na kai wa Malam Hamani, ya mayar mini, don a ganinsa kuɗin kunya ne na mai laifi. Daga hannuna ba zai karɓi ko anini ba.

Saboda haka ina roƙonka abu uku. A mayar masa da kuɗinsa, bayan an cire dala ɗari huɗunsa ta gaskiya, kuma mutuminku ya kai masa, ba ni ba. A koya wa masu murɗa injin nan su riƙa tambayar wace dala, kafin su rushe wani gidan. Na ukun shi ya hana ni sakat: wanda ya karanta sunansa a kasuwar Lolo ya koma daidai wurin, ranar kasuwa, ya faɗa da Hausa da Dendanci cewa kuskuren daga ofishinku yake, Abdu bai ci kwabo ba. Ku yi sauri don Allah, jikin nasa ba ya jira. Dillancin kuwa, in wannan wasiƙa ta ɓata maka rai, ka karɓe abinka.

Allah ya ja zamaninka, ya yi wa kasuwarka albarka, ya shirya maka zuriya. Allah ya tsare ka da ganin ranar da amininka zai yafe maka laifin da ba ka yi ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Abdu ɗan Tanko, dillali, Bagudo.