Karcen da ke Rufin 'Yar Ja

Malali, Kaduna
Ranar Laraba

Zuwa ga matata Aziza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya ƙarfin jiki, ya ruwan zafi? Ya ɗana Suhaib, da fatan cibiyar ta warke sarai? Ki gaishe min da Baba da Hajiya, da Gwaggo Lami mai hukunta ki da ganyen darbejiya safe da yamma.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa, tunda tsakanin Malali da Unguwar Kanawa ko a ƙafa mutum ya je ya dawo. To ya zan yi? An ce wayarki ta faɗa tukunyar ruwan wanka, kuma ban ga alamar ana neman wata ba. In na zo gidanku, iyakata falon Baba. A miƙo min yaron in yi masa addu'a, ki leƙo ki ce min sannu da zuwa kamar wanda ya zo duba mitar wuta, ki koma ciki. Shi ya sa na ba ƙanwata Hafsat wannan takarda, tunda ita babu labulen da yake tare ta.

Ga abin da ke cina. Hafsat ta ji Hajiya tana cewa ko an yi arba'in ba gaggawa ake ba, sai kin huta. Aziza, ni ba yaro ba ne, na san irin wannan hutun. Tun da na ji maganar na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki, in fito, in buɗe firij in rufe ban ɗauki komai ba. A ofis ma sai a yi min magana sau biyu kafin in ji. Tsoro nake kada ki ƙi dawowa, gara in faɗa miki kai tsaye.

Na sani ranar da naƙuda ta taso miki motata 'Yar Ja ta watsa min ƙasa a ido. Na danna maɓallin tayar da ita, na sake dannawa, ta yi tari ta yi shiru, har sai da maƙwabcinmu Zakari ya kai ki asibiti a Keke Napep ɗinsa. Amma ki yi min adalci, motar tsere ce, halinta daban da na sauran motoci. Washegari na sa aka ja ta zuwa wurin Alhaji Auwal, dilan da na saye ta a hannunsa. Sun jona mata kwamfuta, suka ce famfon mai ne ya mutu, wai man garin nan bai karɓi cikinta ba. Za a kawo sabo daga Legas.

Na yi wa kaina alkawari, ranar arba'in a cikinta zan zo ɗaukar ki, tana ruri a ƙofar gidanku, kowa ya shaida ba gawa na saya ba.

Ki sha kunun kanwa da yawa. Ina jiran amsa ko ta layi ɗaya ce.

Naki har kullum,
Sharhabil

Malali, Kaduna
Ranar Litinin

Zuwa ga Maman Suhaib,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida baki ɗaya. Ya jego? An ce yaron ya fara bin mutane da ido, Allah ya raya mana shi. Amsarki ba ta zo ba. Hafsat ta ce kin karanta, kin ninke, kin tura ƙarƙashin filo. Ban san ko in yi murna da filon ko in yi kuka da shirun ba.

Bari ki ji abin da nake fama da shi, don kada ki ɗauka zaune nake. Famfon da aka ce yana Legas ya koma Dubai. Daga Dubai ya hau jirgin ruwa. Yanzu Alhaji Auwal ya ce jirgin ya iso, takardu ake jira. Mutumin nan bai taɓa ɗaga min murya ba. Da na shiga zai sa a kawo min lemo mai sanyi, ya tambayi mai jego, ya ce gobe in Allah ya yarda. Na sha lemon wurin nan har na san lokacin da suke canza katan, amma goben ba ta waye ba. Lokacin da zan sayi motar shi ke kirana, yanzu ni ke kira yana cewa yana masallaci, ko da hantsi ne.

A guruf ɗinmu na waya na masu motocin tsere kowa da nasa kukan. Wani ya ce tasa ba ta taɓa ba shi matsala ba, aka tambaye shi yaushe rabonsa da fito da ita, ya canza zance. Abokina Isiyaku kuwa tun ƙaramar Sallah tasa take garejin Alhaji Auwal, ga babba ta wuce. Shi ya tona min yadda suke aiki: wanda ya fi ɗaga murya, sai a cire kaya daga motar mai haƙuri a sa masa. Ban yarda ba sai da na zagaya bayan gareji ranar Asabar, na tarar da 'Yar Ja da ido ɗaya. An ara wa wani fitilarta ya je biki Abuja.

Wannan ma da sauƙi. Na duba rufinta, daidai saman ƙofar da kike shiga, sai ga karce har huɗu, masu zurfi, sun ci fenti sun kai ƙarfe. Aziza, ban san lokacin da na fara faɗa ba. Na tara makanikan kaf, na ce sai sun fito da wanda ya yi. Suka rantse da haka aka kawo ta. Na ce ƙarya ne, ni da nake goge ta da hannuna kullum, ko ƙuda ya sauka a kanta sai na sani. Ranar ko lemon ban sha ba.

Faɗan dai ya yi rana, don sun ce kafin arba'in za ta tashi. Ki ƙara haƙuri kaɗan. Gidan nan ya yi min faɗi, ko ƙarar cokalinki a kicin nema nake.

Ki shafa min kan Suhaib.

Mijinki,
Sharhabil

Malali, Kaduna
Ranar Alhamis

Aziza,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, ke da yaro da su Hajiya. Yau gaisuwar tawa gajera ce, ki yafe min.

Kin ji rurin mota jiya da la'asar a ƙofar gidanku, ni ne. An ba ni ita da rana, ta tashi da dannawa ɗaya, na kasa jiran jibi, ranar arba'in. Na taho ina lallaɓa ta a kan kowane tudun titi kamar mai ɗauke da ƙwai, ina ta hango fuskarki in kin fito. Ba ki fito ba. Gwaggo Lami ce ta fito, Hafsat na biye da ita.

Gwaggo ta zagaya motar a hankali, ta leƙa ciki, ta ce wannan ai takalmi sau-ciki ne aka sa wa taya. Na yi dariya don kunya. Sai ta tambaye ni, da gaske ba da wasa ba, ita ina za ta zauna, tunda ita za ta rako ki ta kwana biyu tana gyara miki yaro. Ta tambayi inda za a sa buhun shinkafa da jarkar man gyaɗa da bokitan dubulan da alkaki na gara da Hajiya ta haɗa. Ta tambayi inda za a sa bahon wankan Suhaib. Na juya na kalli kujeru biyun nan da su kaɗai ke cikin motar, kamar yau na fara ganinsu. Duk zaryar da na yi, duk lemon da na sha, ban taɓa ƙirga mu nawa ne za mu dawo ba.

Don in kawar da zancen, sai na nuna wa Hafsat karcen da ke rufin, ina cewa ta ga aikin mutanen gareji. Yarinyar nan ta dube ni wani iri. Ta ce ba su ba ne. Ta ce ranar naƙuda kin kasa sunkuyawa ki shiga saboda motar ta yi ƙasa da yawa, sai kika tsaya kika dafa rufin, makullan gida na cikin hannunki. Duk lokacin da ciwon ya murɗa, sai ki danna su ki ja. Ita tana riƙe da jakarki, tana gani. Ta ce kin kira sunana har muryarki ta dishe, gilashi a rufe, ni ina ciki idona a kan fitilun gaban mota.

Wallahi ban ji ki ba, Aziza. Kuma na gane wannan shi ne abin da ya fi mutuwar famfo muni. Na yi kwanaki ina neman wanda ya ji wa mota ciwo, har na ci mutuncin bayin Allah a gareji. Sau huɗu ciwo ya murɗa ki a gefena, ban ɗago kai ba.

Daga ƙofarku gareji na wuce. Na ba makanikan haƙuri ɗaya bayan ɗaya. A nan na ji cewa famfon da aka sa min ma daga motar Isiyaku aka ciro shi, jirgin ruwan bai taɓa tasowa ba. Na ce su mayar masa da abinsa, su sa 'Yar Ja a kasuwa in nata ya iso.

Jibi zan zo da bas ɗin Yaya Shehu, wadda yake kai yara makaranta. Ba ta da kyau, ƙofar bayanta sai an ɗaga an tura, amma za ta ɗauke mu duka har da bahon. In kin ce ba ki gama hutawa ba, ba zan yi musu ba, zan koma in sake dawowa.

Naki,
Sharhabil

Malali, Kaduna
Ranar Juma'a

Zuwa ga Maman Suhaib,

Assalamu alaikum, barka da Juma'a. Ya kwanan yaro? A gaishe da Baba da Hajiya da Gwaggo.

Saƙonki ya iso ta bakin Hafsat, na sa ta maimaita min har ta gaji. Na ji sharaɗin kuma na karɓa: Zakari ne zai tuƙa, Gwaggo a gaba, ni in zauna baya kusa da ke in riƙe Suhaib, hannuna ba ya kan komai mai maɓalli. Na riga na gaya wa Zakari, ya ce da hantsi yana nan. Na share gida, na wanke labule, ko da yake ɗaya ya ɗan koɗe, kada ki yi faɗa.

Ɗazu Alhaji Auwal ya kira ni da kansa, karo na farko tun da na sayi motar. Ya ce ba za ta yi kasuwa ba sai an shafe karcen nan an bi da fenti. Na ce ya shafe, ni dai na riga na gani.

Sai kun fito gobe, ina bakin ƙofa.

Mijinki mai jiran ki,
Sharhabil