Baffa Ya Leƙa Tankin Hauwa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya Fatakwal, ya Binta da yara? Ya ƙafar taka, da sauƙi? Mu nan Ikara lafiya lau, alhamdu lillahi.

Albishirinka, Baffa ya sauko! Tun da Hauwata ta kama aiki a masana'antar nan ta hanyar Makarfi ya daina cin girkinta, wai warin tsamin da yake ji, giya suke dafawa. Ranar Laraba ta kai shi da kanta. Ta nuna masa ruwan cukun nan da ake zubarwa, ta ce akwai sukarin madara a ciki, shi yis, irin mai kumbura burodi, yake ci ya hayayyafa a cikin tanki. Kullum ana hura iska cikin tankin don kada ya juye giya. Daga nan a tace yis ɗin, a busar ya zama gari, a gauraya da abincin dabbobi.

Baffa ya shinshina garin, ya lasa, sai ya ce, "To, 'yar nan, ɗebo wa maruƙana."

Da yamma ya aiko a zubo masa tuwon Hauwa, har da neman ƙari. Yaya, sai da na yi hawaye.

Ka sa ta a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Rabi