Maɓallin Da Bai Amsa Sallamar Baba Ba

Zuwa ga Shugaban Sashen Kwamfuta na asibitin da ke yi wa tsofaffi aikin ido kyauta a kudancin birnin Kaduna,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya. Yaya fama da jama'a?

Sunana Habiba, ina koyarwa a wata firamare a Trikania. Mahaifina tsohon ma'aikacin masaƙa ne, yana zaune a Makera. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma hazo ya fara rufe shi. Likita ya ce in aka yi aiki da wuri zai tsira.

Da kuka buɗe rajista a shafinku na intanet, na je gida na shigar da bayanansa a wayata, na danna maɓallin aikawa. Shiru kake ji. Bai canza launi ba, bai nuna alamar nan mai juyawa ba, ko "dakata" bai ce ba. Baba kuwa mutum ne da ko gidan ƙaninsa ba ya shiga sai an amsa masa. Ya ce, "Ki sake mana, 'yar nan. Sallama ai uku ake yi, in ba a amsa ba sai a koma." Na sake, na kuma sakewa, can sai shafin ya ce an karɓa. Har addu'a Baba ya yi muku.

Ranar tantancewa muka shiga keke mai ƙafa uku zuwa asibitin, muka bi layi, aka ce babu sunansa. Wata nas, Sista Rifkatu, ta ba shi kujera ta je ta bincika. Ashe duk ukun sun shiga, na'urarku ta ga suna ɗaya sau uku ta ɗauka 'yan cuwa-cuwa ne masu kama gurbi su sayar, ta goge shi. Ta ce ba mu ne na farko ba. Baba ya ce, "Ashe yana ji na, amsawa ce bai yi ba." Wallahi sai da na juya baya na share hawaye.

Ban zo da faɗa ba. Na san ku kaɗan ne, na san yadda sabis ɗin intanet yake wahala a nan tsallaken kogin Kaduna, kuma dokar goge maimaici don kare irin su Baba kuka yi ta. Amma ina da roƙo.

Na farko, ku sa maɓallin ya riƙa amsawa. Da an taɓa shi ya dushe, ya nuna yana aiki, ya ƙi karɓar dannawa ta biyu. Ku rubuta "Dakata, ana aikawa" da Hausa da Turanci, da manyan baƙaƙe, tunda masu ciwon ido kuke yi wa hidima.

Na biyu, ku duba sunayen da aka goge. Wanda lambar wayarsa ɗaya, shekarunsa ɗaya, ba ɗan damfara ba ne, tsoho ne da ya ƙosa.

Na uku, ku mayar da Baba cikin wannan zagaye. An ce mu jira na gaba, to idon ba ya jira. Yanzu da murya yake gane jikokinsa.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku basira, ya bar muku ganinku har tsufa. Baba ya yi sallamarsa uku ya koma gida yadda aka koya masa. Yana nan zaune a zaure yana jiran ku amsa.

Wassalam.

Habiba, Trikania, Kaduna.