Kwalba ta Shida

Litinin, 3 ga Yuni
Har yau kwalbar tana kan tebur, naɗe da jarida da igiyar kwakwa. Ɗaurin Appa ne, babana, na san kullinsa. Ranar Talata ya cika ta da taɓo a bakin kogin Kochi ya ba direban bas ya kawo min, Laraba zuciyarsa ta tsaya. Da na dawo Chennai daga jana'iza na tarar da ita tana jirana wurin maigadin masaukina.

Laraba, 5 ga Yuni
Madam Vasantha, mai duba aikin digirina, ta leƙo. "Treesa, wurare biyar kin ƙirga, na shida fa? Ko aure za ki yi wa kwalbar?" Na yi yaƙe. Ta ce babin binciken ya iso teburinta kafin ashirin ga wata, in ba haka ba sai baɗi.

Asabar, 8 ga Yuni
Shekara uku Appa yana tuƙa kwalekwale yana ɗebo min taɓo, don waɗannan 'yan halittu masu ƙwanso da ba su kai ƙwayar yashi ba. Mu foram muke ce musu, shi kuwa "yashin Treesa". Ba ruwansa da na'ura. Yakan lasa ruwan ya tofar: "Nan gishiri ya yi, za ki samu da yawa." Kuma haka ɗin ne. Kusa da teku iri-iri, can ciki inda ruwa ya yi salam iri biyu kacal, a tashar jiragen ruwa duk sun karkace saboda mai.
Abu ɗaya na roƙe shi: yana ɗebowa ya zuba jan ruwan da na ba shi. Mai rai a lokacin sai ya rine, mataccen ƙwanso ya tsaya fari. In ba a zuba ba, aikin banza ne.

Lahadi, 9 ga Yuni
An fara ruwa a gida, in ji Amma, mahaifiyata. Nan zafi kamar bakin murhu. Ƙamshin taɓonmu nake so.

Talata, 11 ga Yuni
Bari in rubuta, tunda ba mai gani. A kwalba ta biyar ya manta jan ruwan. Na kira shi na zazzaga masa masifa. "Appa, ka ɓata min wata guda! Abu kaɗan ma ba ka iya riƙewa?" Ya ce, "To, 'yata. Tsufa ne." Na kashe wayar. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Kaico, bakin nan nawa!
Tsoro nake ji in kwance in ga fari. Tsoro nake ji kuma in kwance, shi ke nan babu sauran abin da hannunsa ya ɗaure.

Alhamis, 13 ga Yuni
Na ɗauki almakashi, na ajiye.

Juma'a, 14 ga Yuni
Ban yanka ba, da farce na warware kullin. Ja wur! Har murfin ya rine. Jan ruwan da zai ishi kwalba huɗu ya antaya, tsohon nan. A jikin takardar da ya liƙa wa kwalbar, gefen lamba shida, ga shatin babban yatsansa, ja.
Na wanke, na tace, na sa a madubin ƙara girma na ƙirga. Ɗari da arba'in da bakwai ne suke da rai a safiyar da ya ɗebo su. Sau uku na sake ƙirgawa, idona ne bai bari ba.

Litinin, 17 ga Yuni
Na miƙa babin. Na ce wa Amma kada kowa ya taɓa kwalekwalen, ina zuwa bayan damina. Don aiki ne kawai.
Igiyar tana cikin jakata.